Shanun Hamma

Shekarar da fari ya koro mutanen arewa, Daudu yana zaune a gefen kara a kasuwar Batsari yana sayar da igiya. Sana'arsa ke nan tun da ya bar soja: ya tufka a gida a ƙauyensu Babban Duhu, ranar kasuwa ya ɗauro a keke. Kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasa, ma'aikata sai yawo suke a sababbin babura, amma a kara ba ka ganin komai sai shanun da yunwa ta fitar wa haƙarƙari.

Da hantsi wata mata ta tsaya a kansa, da 'ya'ya biyu a bayanta, ƙafafunta duk faso. Ta gaishe shi a taƙaice, ta ce, "Kai ne Daudu Soja?"

Ya ce shi ne.

"Ni ce Turai, 'yar Hamma."

Daudu ya ajiye igiyar da ke hannunsa. Shekara talatin da uku rabon da wani ya ambaci sunan yayansa a gabansa.

Lokacin yaƙin Hitila aka ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya. Mahaifinsu ya ba da Daudu, don Hamma ne ya san shanu. Daminar nan Hamma ya yi arewa da garken gidan, cikin ƙasar da Faransa ke mulki, kamar yadda kakanninsu suka saba tun ba a ja iyaka ba. Shi kuwa Daudu aka ba shi kaki da bindiga, aka kai su gadin bakin iyakar. Sajensu ya yi musu bayani cewa Ingila da Faransa sun raba duniya tsakaninsu ba su rage wa Jamus ba, shi ya sa Jamus ta taso, ta ci Faransa da yaƙi. Saboda haka Faransawan Maraɗi, waɗanda jiya abokai ne, yau abokan gaba ne, kuma duk wanda ya fito daga wajensu ɗan leƙen asiri ne. Wani soja da ya bar surukinsa ya wuce da jakai biyu, an ɗaure shi a turke, an yi masa bulala a gabansu har ya suma.

Kwana uku bayan haka, da kaka, Hamma ya iso da shanu arba'in da ɗaya, matarsa Uwani na biye da jaririya a goye. Aka tare su. Hamma ya duba cikin sojojin, ya yi murmushi, ya nuna da sandarsa ya ce, "Ga ƙanena can, shi zai gaya muku ko ni wane ne."

Baturen da ke shugabantarsu ya sa saje ya tambayi Daudu. Daudu ya dubi turken nan, ya ce, "Ban san shi ba."

Aka riƙe shanun, aka ce na soja ne, aka mayar da Hamma da iyalinsa inda suka fito. Wata biyu ana yanka su ɗaya bayan ɗaya. Daudu ya san kowace saniya da sunanta, ya san wadda aka ba mahaifiyarsu ranar aurenta, kuma ya ci naman, don ba a ba soja wani abincin. Shekara na zagayowa Faransawan suka sake komawa abokai, Turawan ɓangarorin biyu suka sha shayi tare a rumfar da aka yi wa Hamma tambaya. Daga nan aka kwashi su Daudu zuwa ƙasar Bama, can ƙetaren teku, su yaƙi wasu mutane da bai taɓa jin sunansu ba. Da ya dawo ya tarar mahaifinsu ya rasu, mahaifiyarsu Inno kuwa ta ji labarin abin da ya yi daga bakin wani makiyayi. Ta rayu shekara shida bayan haka, tana amsa gaisuwarsa da ka.

Yanzu ga jaririyar nan tsaye a gabansa. Ya ce, "Ina Hamma?"

Turai ta ce, "Da muka koma, Faransawa suka ce ya kai wa Ingilishi shanu ya sayar. Suka kai shi aikin hanya da igiya a ƙugu. Bai ga wata damina ba. Uwata ta rasu bara, mijina bana. Saniya uku suka rage mini, na bar su a bayan gari. An ce kuna da rijiya."

"Muna da ita."

"Ita na zo nema."

Ya rufe kasuwarsa, ya tura keke a ƙasa, suka biya suka koro shanun, suka kama hanya. Tafiya ce mai tsawo, ya ɗora yaran a kan keken. Da suka tsaya hutawa a gindin wata tsamiya, ya fara maganar da ya daɗe yana shiryawa.

"'Yata, ba ki san yadda zamanin ya kasance ba. Yaƙin manya ne, Ingila da Jamus, mu ba mu san ko a kan me ake yi ba. Da na ce na san shi, da ni ma…"

"Baffa," in ji ta, "Baturen nan bai san ubana ba, gaskiya ne. Sajen ma bai san shi ba. Su ba su yi ƙarya ba."

Ta tashi ta kakkaɓe zanenta. Bai ƙara tada maganar ba.

Daudu ya ba ta ɗakin da Inno ta zauna, da gefen gonarsa. Ta karɓi ɗakin da gonar, ta ce rabon ubanta ne. Abinci kuwa, duk tuwon da matarsa Bara'atu ta aika, yaran ne ke ci, ita takan dama furarta. Kullum da safe tana durƙusawa ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya wadda ba wanda zai ce ta rage wani abu, sannan ta tashi. Saniya ɗaya ta mutu, biyu suka ga ruwan sama.

Bayan damina biyu wani makiyayi mai suna Mati ya nemi aurenta, ta amince. Daudu ya aika Katsina aka sayo masa yadi, ya ba tela ya ɗinka masa babbar riga, don shi ne waliyyi, ba ta da wani baffa a duniya.

Ana saura kwana huɗu, Malam Ummaru limamin unguwa ya zo da la'asar. Suka daɗe suna gaisawa, suka yi maganar gero da tsadar gishiri. Can malamin ya gyara zama ya ce, "Malam Daudu, yarinyar nan ta zo wurina. Ta ce ni take so in ba da aurenta. Na gaya mata hakkinka ne, shari'a kai ta ba. Ta ce in haka ne ta haƙura da auren."

Daudu ya san in ya tsaya a kan hakkinsa, duk garin zai goyi bayansa. Ya ce, "Ta faɗi dalili?"

"Ba ta faɗa ba, ni ma ban tambaya ba."

"To, na wakilta ka, Malam."

Ranar Juma'a aka ɗaura. Daudu ya sa sabuwar rigarsa, ya zauna can baya wajen takalma. Ya ji an ambaci sunan Turai 'yar Hamma, an yi wa mamacin addu'a, ya shafa tare da jama'a. Mai rabon goro ya zo kansa ya miƙa masa guda biyu kamar kowa, ya wuce.