Leda Mai Lamba Tamanin

Shin wanda ya ɗinka labule yana da kaso cikin abin da ya faru a bayan labulen? Shekara biyu ke nan Bunlue yana juya wannan tambaya a ransa, kuma wa zai iya amsa masa?

Sana'arsa liƙa leda a gilashin mota, a wata rumfa bayan tashar motar garin Roi Et. Shi ya liƙa wa motar ɗaukar 'yan makaranta ta wani direba, Samran, leda mai lamba tamanin, wadda ta fi kowace duhu. Aiki ya yi kyau, ko kumfa ɗaya babu. Bayan wata huɗu wata yarinya 'yar shekara huɗu ta yi barci a kujerar baya. Samran ya sauke yara, ya kulle mota a filin makaranta, ya tafi cin taliya. Daga ƙarfe takwas har biyu motar tana cikin rana. Malamai sun yi ta wucewa ta gefenta, mai shara har ya jingina tsintsiyarsa da ita. Babu wanda ya hango komai. Kafin a buɗe motar, yarinyar ta cika.

An ɗaure Samran, an kori malamar aji. Bunlue kuwa ko sunansa ba a ambata ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Tun daga ranar ya daina sa tamanin a motar yara.

* * *

Ƙanwarsa Lamduan ita ma yara take ɗauka, da motar take ciyar da kanta da tsohuwarsu. Wata ranar Talata ta faka a bakin rumfar, ta dire masa ƙunshin shinkafa da gasasshiyar kaza.

"Wannan kazar da magana a bakinta," in ji shi.

"Yaya, mutum uku sun sake cire 'ya'yansu. Sun koma motar direban nan Wichit, tasa baƙa ce wuluk. Matar mai kantin zinari ta ce rana ta fara mayar da 'yarta kamar 'yar manoma."

"Ita daga ina ta fito? Ba tare muka yi dashen shinkafa da ita ba?"

"Je ka tuna mata. Yanzu fara ce tas, man shafawa ya yi aikinsa."

Ya nuna gilashin motarta da reza. "Leda mai lamba arba'in ɗin da na sa miki ta fi ta Wichit tare zafi. Ba duhu ke tare rana ba, ingancin leda ne."

"Su da ido suke saye. In sun hango yaro daga waje, sai su ce rana ma ta hango shi."

"Ba zan sa ba."

"Ni ba Samran ba ce. Kullum sai na ƙirga yarana."

"Shi ma yana ƙirgawa. Shekara goma sha ɗaya yana ƙirgawa, rana ɗaya ce bai yi ba."

Ta dube shi, ta ja mota ta tafi. Kazar ta huce a kan benci, ƙudaje suka same ta.

* * *

Bayan mako uku ya je gaida tsohuwa. Ya tarar da ita tana daka ɗanyar gwanda ta kwaɗo a ƙarƙashin gidansu na katako da ke tsaye kan dirkoki, Lamduan na wanke mota. Yara goma sha huɗu take ɗauka a da, yanzu saura shida.

"Ranar Asabar zan kai ta wurin mutumin nan na bakin kasuwa," in ji Lamduan, ba ta ɗago ba. "Ya ce har gilashin gaba zai rufe mini."

Bunlue ya san mutumin, ya san ledarsa. Wata shida take yi ta koma shuɗi-shuɗi, ta yi hazo. In ruwa ya sauko direba ba ya ganin mai babur sai ya ji shi a ƙarƙashin taya.

"Ɗan'uwanki na da hannu, ki kai wa bare?" in ji tsohuwa.

"Hannun Yaya ya shiga zuhudu, Inna. Saura ya aske kai ya yafa rawayan mayafi irin na sufayen wurin bautarmu, mu riƙa kai masa abinci da safe."

Tsohuwa ta yi dariya, ta ci gaba da daka. Shi bai yi ba. Ya zauna a kan matakala yana auna abin. In ya ƙi, za a sa, kuma mafi muni za a sa, amma hannunsa zai fita fes. In ya yarda, gaban motar zai tsira, bayanta kuma ya zama irin na Samran, da hannunsa. Ya rasa wanne ne cikin biyun tsoron alhaki, wanne ne son kai.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi ya aika mata ta kawo motar.

Ya ɓare tsohuwar ledar, ya wanke gilasan da ruwan sabulu. Ya ciro naɗin tamanin daga saman kanta, ya kakkaɓe ƙurar shekara biyu. Gilashin gaba bai taɓa shi ba. Sauran kuwa ya auna, ya yanka, ya bi da roba a hankali yana korar ruwa zuwa gefe. Hannun bai manta komai ba.

Da ya gama, Lamduan ta shiga, ta rufe ƙofa don ta gwada. Ya tsaya a rana, taku biyu daga motar. Ya jira. Can ta zuge ƙofar ta leƙo daga kujerar baya.

"Ka gan ni? Hannu biyu nake ɗaga maka, har gilashin na buga."

"Ban gan ki ba."

"Madalla," in ji ta, ta ciro waya ta fara ɗaukar hoton motar don ta tura wa iyayen yara.