Jan Layi a Wuyan Nagode

Suwaiba ta kankare takardar da reza har ta huje, amma jan layin bai fita ba. Ta buɗe shafi na gaba. Nan ma akwai shi. Duk inda ta zana Nagode, ko tana tsalle a bakin rafi, ko tana koran akuya, an ja mata layi da jan biro a wuya, daga kunne zuwa kunne.

A ƙarƙashin gado Amira ta dunƙule, fuskarta na kallon bango. Kwanon kunun safe yana nan inda aka ajiye mata, ya yi fata.

Amira ɗiyar Murtala ce, yayan Suwaiba, shekararta bakwai. An kawo ta Talata Mafara ne bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu a bayan Maradun. Ta tsira, amma ƙawarta Nagode ba wanda ya san inda ta yi. Tun zuwanta ba ta magana, ba ta cin abinci, har sai da aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa. A bakin gadon asibitin Suwaiba, wadda ba ta iya lallashi da baki ba, ta fara zana mata labari gida-gida a takarda: yarinya mai wushirya ta ɓata a daji, tana neman hanyar komawa wurin ƙawarta. Amira ta ɗora yatsa a kan yarinyar ta ce, "Nagode." Daga ranar, duk sabon shafi ɗaya sai ta ci kwano ɗaya. Likita ya ce in ta sake daina ci, ba ya jin jikinta zai ɗauka.

Suwaiba ta fita zaure da littafin. Mahaifinta, Malam Tukur, yana zaune a kan buzu yana gyaran rediyonsa.

"Baba, kai ka taɓa wannan?"

"Awo, ni ne," ya ce, bai ɗago ba. "Gyara miki na yi. Hoton mai rai cikakke a ɗaki, mala'iku ba su shiga. In an raba kai da jiki, shi ke nan, ya zama zane kawai. Haka muka taso muka gani."

"Amira ta gani."

"To, mi? Layi ne."

Suwaiba ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yanzu ma ba ta ɗaga ba.

"Baba, yarinyar nan ta ga abin da aka yi wa mutane a garinsu. Ta buɗe littafi da safe ta ga wuyan ƙawarta da ja. Mi kake jin ta gani?"

Hannunsa ya tsaya a kan rediyon. Ya karɓi littafin, ya nisanta shi da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Wallahi ban kawo wannan ba." Ya tashi ya shiga cikin gida, ya durƙusa da ƙyar a bakin gadon. "Amarya. Amaryata, fito mana. Angonki ya kawo miki alewa, ko kin canza ni da wani tsohon ne?"

Ƙafarta kawai ta ƙara janyewa ciki.

Azahar ta yi, ta wuce. Suwaiba ta gwada sake zana shafin farko a sabuwar takarda ta tura mata. Amira ta ture shi waje ba tare da ta juyo ba. Suwaiba ta gwada lulluɓe wa Nagode mayafi da baƙin fensir, jan ya ƙara fitowa ta ƙasa kamar yana tsattsafowa. Ta zauna a ƙasa ta kama kanta. Leɓɓan yarinyar sun fara bushewa, irin bushewar da ta gani a asibiti.

"Ko mu yage shafukan?" in ji Malam Tukur daga bakin ƙofa.

"In ta ga babu su, cewa za ta yi an binne ta."

Biron yana maƙale a aljihun rigarsa. Suwaiba ta kalle shi, ta sake kallon layin.

"Ba ni biron, Baba."

Ta ɗora bakinsa a kan layin ta yi ɗan zagaye, ta cike shi. Ta yi wani kusa da shi, ta yi wani. Wasu suka yi girma, wasu ƙanana. Da ta kai ɗaya kunnen, murjani ne jere a wuyan Nagode. Ta juya shafi ta ci gaba, har yatsunta suka yi ja, har biron ya fara shaƙewa tana hura masa iska.

Ta kwanta rub da ciki a siminti, ta tura littafin ƙarƙashin gado.

"Amira, ba a gama zanen ba ne kika buɗe. Dubi abin da Nagode ta samu."

Can sai ƙarar takarda. Wani shafin, wani shafin.

"Goggo," muryar ta fito a dishe, "sarƙa ce?"

"Sarƙa ce. Ta murjani."

"Wa ya ba ta? A daji ba kowa."

Suwaiba ba ta shirya wannan ba.

"Ni na ba ta," in ji Malam Tukur. Mutumin da ko a cinikin gero ba ya ƙara kalma a kan gaskiya. Idonsa yana ƙasa.

Amira ta leƙo, ƙura a gashinta, littafin a ƙirjinta. Ta jawo kwanon kunun mai sanyi ta kai baki, ta kurɓa, sannan ta sauke shi ta dubi kakanta.

"Ashe ka gan ta. To gobe ka kai ni wurin."