Ranar da Aka Wanke Ƙafafun Orval

Orval mijina mutum ne da in ka ce masa akuya ta haifi agwagwa, launinta zai tambaye ka. Ba wauta ba ce. Shi dai bai iya ƙarya ba, don haka bai taɓa kawowa a ransa wani zai yi masa ita ba, balle a cikin majami'a. Wannan halin ne ya sa na aure shi, shi ne kuma ya kusa cinye mini shi kafin ciwon ya gama nasa aikin.

Tun yana saurayi yake shiga ramin kwal, kamar ubansa, kamar kowane namiji a wannan kwari namu na gabashin Kentucky. Ƙurar ta zauna masa a huhu. Tudun gidanmu ne ya fara yi masa tsawo, sai matakalar baranda, daga baya ko igiyar takalmi zai ɗaura sai ya huta a tsakiya. Likita ya ɗaga mana hoton ƙirjin a gaban fitila, ya ce babu abin yi sai lallaɓawa.

"Likita ya faɗi tasa," in ji Orval da muka shiga mota. "Saura ta Ubangiji."

A majami'armu mun yi imani, har gobe kuma ina kai, cewa jinin Yesu da ke wanke zunubi shi ne ke warkar da jiki. Ranar Lahadi mara lafiya ya fito gaba, dattawa su ɗiga masa man zaitun a goshi, su ɗora masa hannu, a yi ta addu'a har tagogi su ɗauki rawa. Da idona na ga 'yar gidan Napier da zazzaɓi ya kai bakin kabari ta tashi zaune tana neman abinci. Sai dai akwai wata al'ada da ta shigo mana, ban san wanda ya kawo ta ba. In an shafa maka mai, ba ka ƙara cewa ba ka da lafiya, ka riga ka karɓa. Wanda ya ce da saura, kamar ya mayar wa Allah kyautarsa ne. Saboda haka lokacin shaida sai mutum ya miƙe ya ce, "Na warke, yabo ga Yesu!" a yi tafi, ya zauna.

An shafa wa Orval mai. Ya dawo gida fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa alkawarin keke. Washegari tarin yana nan. Mako ya zagayo, yana nan.

"Ka tashi ka ba da shaida mana," na ce masa. "Kowa haka yake yi."

"Haba Verdie. In tsaya a gidan Allah in ce na warke, alhali ina jin abin nan yana cina?"

Da aka sake shafa masa aka kuma sakewa babu canji, sai 'Yar'uwa Lutie, wata tsohuwa mai kirki da bakinta ba ya iya zama, ta tare shi a ƙofar majami'a. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu ta ce, "Ɗana, gafara da waraka tare suke tafiya. In ɗaya ba ta iso ba, a duba ɗayar. Bincika zuciyarka, akwai abin da ya tare hanya."

Da ta san abin da ta dasa masa, da ta haɗiye maganar nan.

Bawan Allah ya shiga bincike. Ya sa na kai shi gidan wani Hobart da suka yi dambe tun suna samari, ya roƙe shi gafara. Hobart ya yi ta sosa ƙeya, shi bai ma tuna ba. Ya mayar da wani zarto da ya aro a wurin maƙwabcinmu, wanda shi maƙwabcin ya rantse ba nasa ba ne. Ya nemi gafarar ƙanwarsa saboda bai je jana'izar mijinta da wuri ba. Wata safiya ina juya wake ya tsaya a bayana yana haki.

"Verdie, ki yafe mini."

"Me kuma ka yi?"

"Ranar da muka fara cin abinci a gidan nan, na ce burodin masararki ya yi daɗi. Bai yi ba."

"Kai, tafi can ka zauna, tsohon banza! Ai na sani, kare ma ƙin ci ya yi."

Na yi dariya, amma da ya juya na ga yadda rigar ke lilo a kafaɗunsa, sai na fita bayan gida na yi kukana. Ciwon na cinsa, amma ba shi ya fi damunsa ba. Kowace safiya ya ja numfashi ya saurara, in ya ji ƙarar nan a ƙirjinsa, a wurinsa Yesu ne ke ce masa har yanzu da dattinka. Ya daina rera waƙa. Mutumin da in yana aske gemu ana jin muryarsa har bakin rafi!

Na ce masa, "Orval, rabin mazan da ke cewa sun warke, bayan majami'a suke zuwa su yi tarinsu. Mu mata muke wanke hankicinsu, mun sani."

Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. "Ɗan'uwa Estill fa? Shi ma ramin ya shiga, ya fi ni daɗewa. An shafa masa sau ɗaya, ya tashi ya ce ya warke. Kina so ki ce ƙarya ya yi a gaban bagade?"

Estill Combs shi ne babban dattijonmu. Shi ya yi wa Orval baftisma a rafi, shi ya ɗaura mana aure. In Estill ya ce rana ta fito da tsakar dare, Orval hularsa zai ɗauka.

Sai watan Agusta ya zo, lokacin babban taronmu na shekara, da ake cin jibin Ubangiji a kuma yi wankin ƙafa. Maza a ɓangarensu, mata a namu, kowa ya ɗaura tawul a ƙugu ya durƙusa ya wanke ƙafar ɗan'uwansa a cikin tasa, ana kuka ana rungumar juna. Orval bai taɓa fashin wannan rana ba. Na goge masa farar rigarsa na rataye a ƙofa. Ya ce in mayar da ita.

"Wanda ba a wanke cikinsa ba, me zai je yi da wankin ƙafa? Ki je ke. Ki yi mini addu'a."

Ban je ba. Muka zauna a baranda mu biyu. Majami'ar tana can ƙasa, in iska ta juyo sai ta kawo mana waƙar, ta ɗauke, ta sake kawowa. Ya karkatar da kansa wajen yana motsa leɓe babu sauti. Ban taɓa ganin mutum yana son abu haka ba, kuma abin yana nan kusa, tafiyar da ko ƙaramin yaro zai iya.

Washegari na ɗaura ɗankwalina na nufi gidan Estill. Na tarar da matarsa Ozella tana wanki a tsakar gida, ga wani ɗan bokiti a gefe da ta jiƙa hankici daban, ruwan ya yi toka-toka. Muka haɗa ido. Ta tura bokitin bayan baho da ƙafa, ta ce mijinta yana cikin rumfar kaji.

"Ɗan'uwa Estill, wurinka na zo."

"Sannu da zuwa, 'Yar'uwa Verdie. Jiya mun ga wurinku babu kowa. Yaya mai jiki?"

"Mai jiki zai mutu. Wannan na sani, na kuma fara haƙura. Abin da ba zan haƙura da shi ba, zai mutu yana zaton Yesu ya bi layi yana wanke kowa, da ya zo kansa ya tsallake. Kuma kai ne hujjarsa."

Ya ajiye kwanon hatsin. "Ni ban yi ƙarya ba. Alkawarin Ubangiji nake riƙe da shi, ba na bin abin da jiki ke faɗa."

"Riƙe abinka, ban zo ƙwace maka ba. Amma shi Orval bai san ana haka ba. In ka ce ka warke, shi a wurinsa ka warke ne. Ka zo ka gaya masa abin da Ozella ke wankewa."

Jijiyar wuyansa ta tashi. "Kin san abin da kike nema? In buɗe baki in amsa ciwo bayan na karɓi waraka?"

"Na sani."

Ya ɗauki kwanon hatsinsa ya juya wajen kajin. Na juyo raina a ɓace, a hanya har na faɗi wasu kalmomi da sai da na tuba.

Kwanaki suka wuce shiru. Ran nan da la'asar ina ɓare wake a ɗakin girki, sai na ji mota ta tsaya a gindin tudu, don ruwa ya cinye hanyarmu tun bazara. Na leƙa. Estill ne, shi kaɗai, da tasar majami'a a hammata da tawul a kafaɗa. Ya taka kaɗan ya tsaya kamar mai duban itatuwa, ya sake takawa. Da ya iso baranda leɓunansa sun yi shuɗi.

"'Yar'uwa, ruwan ɗumi," abin da ya iya faɗa ke nan.

Na kawo na zuba, na koma bayan ƙofar raga, tunda wannan sha'anin maza ne. Amma ko za a yanka ni ba zan matsa daga wurin ba.

Orval ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera. "A'a, Ɗan'uwa Estill. Ban cancanta ba. Akwai abin da na kasa ganowa."

Estill ya jawo tasar kusa. Ya ɗaura tawul, ya dafa kujerar, ya sauka kan gwiwoyinsa a hankali. Durƙuson nan ne ya taso masa da shi. Tari ya sarƙe shi, irin mai fitowa daga can ƙasa, wanda duk matar mahaƙi ta san shi ko cikin barci. Bai juya baya ba, bai tashi ya zaga ba. Ya yi shi a gaban Orval har hawaye suka zubo masa. Da ya lafa, ya buɗe hankicin ya miƙa masa a tafin hannu.

Orval ya daɗe yana kallo.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin naka."

"Amma ka ce..."

"Na ce. Ina kuma fata har yanzu. Amma ban warke ba, Orval."

Sai mijina, da zuciya ɗaya, ba da gatse ba, ya sunkuyo ya tambaye shi a hankali, "To kai wane zunubi ka ɓoye?"

Estill ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Na bincika fiye da yadda ka bincika. Duk abin da na tono na kai wa Yesu, ya kuwa wanke, wannan ba na shakka ko kaɗan. Tarin dai bai tafi ba. Me ya sa ya ta da 'yar Napier ya bar ni da kai, ban sani ba, in na je zan tambaye shi. Amma wannan baƙin da kake gani ƙurar rami ce, ɗan'uwana. Ba zunubinka ba ne. Naka an wanke shi tun ranar da na tsoma ka a rafi. Kawo ƙafar nan kafin ruwan ya huce."

Na ga ƙafar dama ta fito daga ƙarƙashin kujera, sannan ta hagu. Duk sun kumbura. Estill ya riƙa ɗibar ruwa da tafi yana zubawa, Orval ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa.

Da aka gama, Estill ya yunƙura zai tashi ya kasa. Orval ya miƙa hannu zai ɗaga shi, shi ma ya kasa. Suka riƙe juna suna dariya suna tari, sai da na fito na ce, "Ku dube su, gwarazan Ubangiji!" na ciccibi dattijon na zaunar. Orval ya ce sai ya rama. Tunda ba ya iya durƙuso, na ɗora tasar a kan ɗan benci, ya wanke ƙafafun Estill daga zaune, yana rera waƙa da guntun numfashin da ya rage masa.

Orval ya rayu har ƙarshen kaka, lokacin da ganye ya gama zuba. Ya ci gaba da fita gaba ana shafa masa mai, yana roƙo da gaske, in an tambaye shi kuma ya ce, "Jikin babu daɗi, amma ni da Ubangijina lafiya lau." Bai ƙara sauraron ƙirjinsa da safe ba.

Ranar jana'iza mutane suka yi ta kama hannuna suna cewa yanzu ya sami cikakkiyar waraka. Na ce amin, kuma na yarda. Na gode da abin da aka ba shi, ya tafi yana sane da cewa shi wankakke ne. Amma ni abu biyu na roƙa, gafara da waraka. Na so ya hau tudun nan da ƙafarsa ya shigo yana yi mini surutu, mu tsufa tare mu ishi juna. Na gaya wa Ubangiji haka a bakin kabarin, kuma har yau in na durƙusa sai na sake gaya masa.