Lambobin Khiem Mai Kifi

Fil ɗin ya sake sokar Vinh a yatsa. Ya tsotse jinin, ya zagi fil, ya zagi wanda ya ƙera shi, sannan ya koma kallon kansa a gilashin firijin jatan lande. Kwat ɗin na babansa ne, hannun ya ɗage masa sai ka ce aro daga ƙani. Lambobin yabo uku suna lilo a ƙirjinsa na hagu, daidai yadda suke a hoton tsohon da ke sama kan teburin da suke kunna turaren tunawa da mamata.

"Cire ka zo ka fere min dankali," in ji mamarsa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana kaɗa ƙullun suyar kifi kamar shi ya yi mata laifi.

"Mama, yanzu fa zan dawo."

"Ubanka ma haka ya ce. Sau ɗaya ya je faretin nan. Kafin 'yan badujala su fara busa ya dawo, ya rataye kwat, ya ɗaura rigar aiki. Ranar nan da kifi kaɗai ya yi magana."

Vinh ya san labarin kamar sunansa. Babansa Khiem kofur ne a sojan kudancin Vietnam, a ƙananan jiragen kogi. A can ya bar yatsu biyu, ya bar ƙuruciyarsa a sansanin fursuna, ya tsallako teku a kwalekwalen da ko kare ba zai yarda ya shiga ba. Da ya iso garin nan ya yi ta jan koma a jirgin wasu har ya sayi shagon nan a hannun wani tsohon Bagirike. Shekarar da ya sami takardar zama ɗan ƙasa ya goge takalmi ya fito ranar Anzac, ranar faretin tunawa da sojojin ƙasar, sai manyan kulob ɗin 'yan mazan jiya na lokacin suka ce ya bi can baya. Bayan 'yan makaranta. Mutumin da aka yi yaƙin a ƙofar gidansu!

Daga nan bai ƙara ba. Duk shekara yana shago, yana soya wa waɗanda suka yi macin kifi kyauta. Abin nan ya fi komai ƙona wa Vinh rai, yana cikin abin da ya kora shi birnin Melbourne tun yana saurayi. Bai dawo ba sai watan jiya, ɗaukar gawar tsohon.

"Yau dai sai lambobin nan sun wuce ta titin nan," ya ce, yana dafa su. "A gaba kuma."

"Vinh." Ta ajiye ludayi. "Na san hannunka. Ka taɓa tsoho ɗaya yau, gobe ba wanda zai sayi ko ƙaya a shagon nan. Ni zan zauna a garin, kai mota za ka hau."

Ya ja ƙofa ya fita.

A gaban gidan waya ake haɗa layi. Iskar teku na ta wasa da tutoci, 'yan badujala na gwada ƙahonni, kowanne da tasa muryar. A sahun gaba 'yan mazan jiyan ƙasar nan ne da suka yi yaƙin Vietnam, ba su cika hannu biyu ba, ɗaya a keken batir, ɗaya da sanda, sauran da magani a aljihu. Vinh ya ratsa mutane ya je ya tsaya a ƙarshen sahunsu, ya ɗaga haɓa.

Hira ta mutu. Ba a hankali ba, lokaci guda.

Des Pritchard, mai tsara layi, ya taho yana ɗingishi. Doguwar fuska gare shi, ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, kuma duk Juma'ar duniya shi ne na farko a layin shagon Khiem. Ya tsaya dab da Vinh, idonsa a kan ƙirjin.

"Cire su, yaro."

"Me ka ce?"

"Kunnena ne ya mutu, ba naka ba. Cire su."

Vinh ya kafe shi da ido. Hannunsa na dama ya dunƙule da kansa, bai ma nemi izini ba. Can gefe wata mata ta ja ɗanta baya. Wani saurayi ya ɗaga waya ya saita.

"Wato haka kuka yi wa babana ko? Kun ci kifinsa har haƙoranku suka zube, yanzu lambarsa ce ke muku wari?"

"Wane rafi aka harbe ka?" in ji Des.

"Me?"

"Na ce wane rafi aka harbe ka? Wace shekara? Wa ka ɗauko a kafaɗa?" Ya sa yatsa ya taɓa ƙirjin kwat ɗin, sau ɗaya. "Hagu na wanda ya je ne. Ɗa, jika, matar mamaci, dama suke sawa. In ka taka titin nan da su a hagu, ce wa gari kake yi kai ka yi yaƙin. Ka ga mai wayar can? Kafin ka kai bakin gada an gama da sunanka, da na ubanka."

Na keken batir ya leƙo. "Ka bar shi mana, Des. Wataƙila a cikin uwarsa ya yi nasa yaƙin."

Wasu suka yi dariya. Vinh bai yi ba. Ya sauke ido kan lambobin. Ya buɗe hannunsa da ƙyar, ya kama fil. Fil na tsatsa, lamba ɗaya ta suɓuce ta faɗi kan kwalta, ƙararta kamar an yar da cokali a coci. Des ne ya duƙa. Duƙawar ta ɗau lokaci, tasowar ta fi. Ya goge ta a hannun rigarsa, ya maƙala masa duka ukun a dama da kansa.

"Yauwa. To, maza baya. 'Yan uwa suna bayan sikawut."

"Baya?"

"Baya."

"A nan ya kamata babana ya tsaya. Da ku."

"Shi, eh. Na yi ta binsa har na gaji, ya ce mai soya kifi ba ya barin mai a wuta. Kai kuwa ba shi ba ne." Des ya duba agogo. "Ko ka bi baya, ko ka bi gida. Gwiwata ba za ta jira ka ba."

Gangar farko ta buga. Vinh ya tsaya yana kallon wuyan tsohon nan, siriri kamar na kaza. Turawa ɗaya ce kawai. Ya ji ta a kafaɗarsa, a shirye. Sai ya hango can ƙasan titi hayaƙin suya na fita ta bututun shagonsu, mace ɗaya a ciki da tukunya uku.

Ya juya. Ya wuce 'yan kwana-kwana, ya wuce 'yan makaranta, ya wuce sikawut da gajerun wandunansu, ya shiga cikin zawarawa da jikoki. Inda aka tura babansa, nan ɗin dai. Kusa da shi Misis Galea mai shagon magani ce, da lambobin mijinta a dama.

"Ka yi ƙiba," ta ce masa. Gaisuwar ke nan.

Layi ya motsa. Mutane na tafi a gefen titi, Vinh bai ji ba. Ƙasa yake kallo, yana tsara zagin da zai yi wa Des anjima in ya zo cin kifin banza.

Daga gangaren banki ana hango sahun gaba. Suna kaiwa daidai shagon, muryar Des ta tsaga kiɗan.

"Ido hagu!"

Kawunan tsofaffin suka juya gaba ɗaya, har na keken batir. Suna kallon ƙofar shago. Ƙofar a buɗe, labulen roba na kaɗawa, babu kowa.

"Me suke yi?" in ji Vinh.

"Abin da suke yi kullum mana," in ji Misis Galea. "Tun bayan tafiyarka birni. Ubanka zai fito da rigar aikinsa duk ƙullu, ya ƙame a bakin ƙofa, su gaishe shi, ya gaishe su, a wuce. Ba wanda ya taɓa maganarsa. Bai faɗa maka ba?"

Ina fa. A waya farashin jatan lande kawai tsohon ke faɗa masa.

Layin ya tsaya cak, sikawut suka ci karo da juna. Sahun gaba bai wuce ba. Suna taka ƙafa a waje ɗaya, wuya a karkace, suna jiran ƙofar da ba mai fitowa. Mai sandar nan har ya fara tangaɗi. Mai ganga ya waiga yana neman wanda zai ce masa wani abu.

"Za su faɗi fa," in ji Misis Galea. "Des ba zai ba da umarni ba sai an amsa."

Vinh ya fice daga layin da ya kusa dukan mutum a kansa. Ya ruga ta gefen titi, lambobi na dukan ƙirjinsa, kwat na neman yagewa, ya ture kujerar wani, ya ba da haƙuri bai tsaya ba. Ya iso ƙofar yana haki, ya juya ya fuskance su. Sai a lokacin ya tuna bai san yadda ake yi ba. Ya fara ɗaga hannu zuwa goshi.

"Sauke," in ji mamarsa daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. "Ba soja ba ne kai. Haɗe ƙafa. Miƙe bayanka."

Ya haɗe ƙafa. Ya miƙe.

Des ya dube shi, gumi na bin kuncinsa, ya ɗan ja lokaci kamar da gayya.

"Ido gaba!"

Suka wuce da ɗingishinsu. 'Yan makaranta suka wuce, sikawut suka wuce, zawarawa suka iso. Misis Galea ta nuna masa gurbinsa da haɓa, har ta rage tafiya.

Vinh ya girgiza mata kai. Bai motsa daga ƙofar ba sai da bayan mutum na ƙarshe ya sha kwana.