Ƙato Bayan Ƙato

A shekarar 1996, da zafi ya fara kankama, gwamnatin soja ta ce za a yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyya ba, kuma babu akwati. Ɗan takara zai tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, malamin zaɓe ya bi layi yana ƙirga kawuna. Shi ne abin da mutane ke kira ƙato bayan ƙato. A Nguru kowa raha yake yi da wannan tsari, ban da Bubayero.

Bubayero dillali ne a kara, wato kasuwar shanu, Bafillace dogo siriri, maganarsa ba ta da yawa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Abbagana, Babarbare mai sayar da bandar kifi, gajere mai tumbi, wanda ake jin dariyarsa tun daga bakin titi. Shekarar da ciwon bushiya ya share garken Bubayero a wajen Kumagannam, ya shigo Nguru da matarsa Rahima da maruƙa biyu, bai san inda zai sauka ba. Abbagana, wanda suka saba tun suna samari a kasuwa, ya yanki rabin filin gidansa ya ba shi. Ya ce shi ba zai bar bawansa a titi ba, kada a ce Barebari ba sa kula da dukiyarsu. Shekara goma sha uku ke nan suna wannan wasa na Fulani da Barebari, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kuma a kwano ɗaya suke cin tuwo.

To, Abbagana ne ya fito takarar kansila a unguwarsu.

"Kai Fulata," in ji shi ran da ya yanke shawara, "ka sa a wanke maka rigar Sallah. Ubangidanka zai shiga gwamnati."

"Gwamnatin ta lalace har haka? Yaushe aka fara ba bayi kujera?"

"Ran da aka rantsar da ni, kai zan fara kamawa. Laifinka rama. Kana zubar wa unguwa da mutunci."

Suka yi dariya. Amma dariyar Bubayero ba ta kai ciki ba, domin ya san abin da aka gina takarar a kai.

Damina biyu a jere ruwa ya ci gidajen da ke gangaren unguwar. Mutanen da abin ya shafa suna neman tudu, tudun da ya rage kuwa shi ne burtali, hanyar da shanu ke bi tun kaka da kakanni su gangara mashaya. Abbagana mutum ne da bakinsa bai iya a'a ba. Duk wanda ya zo masa da kuka sai ya ce masa in Allah ya ba shi kujera, za a yanka burtalin filoti-filoti. Abokin takararsa, Malam Hashim, tsohon malamin firamare ne ɗan asalin Haɗeja, mutum mai ɗaure fuska wanda ko gaisuwa ba ya ja. Shi ya ce burtali ba zai taɓu ba, a nema wa mutane fili a hayin layin dogo ko da ya yi nisa.

Bubayero ya gwada magana sau ɗaya, suna wanke hannu bayan cin abinci.

"Abbagana, burtalin nan fa?"

"Shanun naku ba su da ƙafa ne? Su zagaya."

"Zagayen ta gonakin mutane ne. Ka san abin da ke biyo baya in saniya ta shiga gero."

"In ta yi ɓarna ka kawo mini ƙara, ai ni ne hukuma." Sai kuma fuskarsa ta sauya. "Ka je ka ga inda Babakura yake zaune da 'ya'ya bakwai tun da ruwa ya ci gidansa? Leda ce rufinsa. Ni in dubi idon wannan mutum in ce masa saniya ta fi shi?"

Bubayero kuwa ya riga ya je ya gani. Abin da ya hana shi sukuni ke nan. Da Abbagana mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Tausayi ne ya sa shi yin alkawarin, tausayin nan dai da ya ba Bubayero rabin gida. Amma Bubayero ya taɓa ganin garin da aka toshe wa burtali, ya ga yadda aka ɗauko manomi da makiyayi a amalanke ɗaya zuwa asibiti. Kuma makiyayan da ke kawo masa shanu kara ba su da rajista a unguwar, ba wanda zai tsaya musu a layi.

Abbagana ya bi gida-gida yana roƙon jama'a. Ƙofar Bubayero kaɗai bai buga ba, don bai ga dalili ba.

Ana gobe zaɓe Rahima ta dubi mijinta, ta ga furar da ta dama masa tun safe tana nan a rufe.

"Malam, ka tafi Gashua mana ka duba yayanka Hamajoɗa. An ce ƙafar ta sake tashi. Ka kwana biyu, ka dawo an gama. Wa zai ce ka yi laifi don ka je dubiya?"

Ya ga hikimar maganar. Bayan azahar ya ɗauki sanda da malfa ya nufi tasha, ya shiga motar Gashua ya zauna kusa da taga. Saura mutum uku ta cika. Yana zaune yana juya abin a ransa. In ya tafi, Abbagana zai ce larura ce, makiyaya za su ce larura ce, kowa zai yafe masa. Shi kaɗai zai san cewa ciwon ƙafar ɗan'uwansa ya ara ya ɓuya a bayansa. Ya ga kamar hakan cutar mutum uku ce a tafiya ɗaya. Da kwandasta ya ce saura mutum ɗaya, sai Bubayero ya ce a'a, saura biyu, ya sauko.

Da ya koma gida Rahima ba ta tambaye shi komai ba. Ta dai ce, "Ni kam layin Abbagana zan bi. Ba zan iya haɗa ido da matarsa Huseina ba in na yi wani abu daban. Ita ta karɓi haihuwata sau uku."

"Ki bi," in ji shi. "Daidai ne."

Washegari da hantsi filin makarantar unguwa ya cika. 'Yan takara biyu suna tsaye a gaba, kowanne da layin maza da na mata a bayansa. Layin Abbagana ya miƙe har ya lanƙwasa ta gindin dalbejiya, ana ta shewa. Na Malam Hashim gajere ne, shiru kamar sahun jana'iza. Da Bubayero ya shigo, 'yan layin Abbagana suka buɗa masa wuri.

"Ga na hannun daman kansila! Matsa masa, matsa masa!"

Ya ɗaga musu hannu, ya wuce. Taku ashirin ne tsakanin layukan biyu, amma bai taɓa yin tafiyar da ta gajiyar da shi kamar wannan ba, ko a zamanin da yake kora shanu zuwa Dagona. Ya tsaya a ƙarshen layin Malam Hashim. Shewar da ke kusa da shi ta mutu. Ya cire malfarsa ya riƙe a ƙirji don kada ya yi tsawo da yawa, sai kuma kunyar kansa ta kama shi, ya mayar da ita ka.

Daga inda yake yana hango ƙeyar Abbagana da sabuwar hularsa zanna. Ya ƙura mata ido har malamin zaɓe ya iso ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗari biyu da tamanin da shida." Daga nan ya sunkuyar da kai.

Abbagana ya ci da ɗari huɗu da goma sha ɗaya.

Da la'asar, ana ta kiɗa a ƙofar gidan sabon kansila, sai ga shi ya shigo zauren Bubayero da gumi, ya rungume shi.

"Bawana na gode! Allah ya bar zumunci. Ka san mutum yana gaba ba ya ganin na bayansa, amma ni ko ban waiwaya ba na san kana nan. Wasu munafukai har sun zo suna ce mini wai sun gan ka a layin Malam Hashim. Na ce su tashi su ba ni wuri. Bubayero? Ko an ɗora masa wuƙa!"

Bubayero ya buɗe baki zai faɗa masa gaskiya. Kafin ya furta, an ja Abbagana waje.

Nan sabuwar wahala ta fara, wadda ta fi ta farko. Tsayawa a layi abu ne da ya yi a gaban jama'a da rana tsaka, zai iya kare shi ko a gaban alƙali. Amma wannan godiya da aka ɗora masa ba tasa ba ce, kuma kullum ƙaruwa take yi. Huseina ta aiko da dambun kifi wai na masoya na gaskiya. Abbagana ya riƙa tura masa tsoka a kwano yana cewa ci, kai ka sha rana saboda ni. Bubayero ya riƙa ce wa kansa, in ya faɗa zai ɓata wa mutum farin cikinsa a banza, tunda an riga an ci zaɓe. Sai wata zuciyar ta ce masa, ashe daga yau duk loma ɗaya da zai kai baki a kwanon nan ta sata ce. A kara har ya kira bijimi karsana a gaban mai saye, aka yi ta yi masa dariya.

Rana ta huɗu ya iske Abbagana a rumfarsa ta kasuwa yana ɗaure kwalayen banda da za a loda zuwa kudu. Ya tsaya a kansa, bai zauna ba.

"Abbagana, mutanen nan ba munafukai ba ne. A layin Malam Hashim na tsaya."

Abbagana bai ɗago ba. Ya ja igiya ya ƙulle, ya yanke da wuƙa, sannan ya ce, "Kwana huɗu. Na ce wa Huseina ba za ka wuce biyu ba. Ka ba ni kunya."

"Ka sani?"

"Kai, wane irin sakarai ne zai tsaya takara bai waiwaya ba? Sau nawa na waiwaya! Ga ka can kamar turken wayar lantarki, ka cire malfa, ka mayar da malfa. Makaho ma ya gan ka."

Bubayero ya nemi buhu ya zauna.

"To godiyar ta mece ce?"

Sai yanzu Abbagana ya dube shi, kuma babu dariya a fuskarsa. "Ya yi mini ciwo, Bubayero. Wallahi ya yi mini ciwo. Ana ta ɗaga ni sama ana kiɗa, ni kuwa malfar nan kawai nake gani. Na ce to, ya ƙi ni a fili, wannan na gani da idona. Saura in ga ko zai iya zama da ni a kan ƙarya. Da ka haɗiye godiyar nan ka yi shiru, da shi ke nan, sai dai mu riƙa gaisawa a bakin masallaci."

"Ban ƙi ka ba. Alkawarinka na ƙi."

"Ai da sai ka faɗa da ƙarfi! Ka yi mini magana sau ɗaya kamar mai neman aron allura, na yi wasa, ka yi shiru. Ku Fulani kunyarku za ta kashe mutum. Ni na saba da 'yan kifi, in ba a yi mini ihu ba ban san ana magana ba."

"Laifina ne wannan," in ji Bubayero.

"Laifinka ne mana. Na wa?" Ya goge hannu a tsumma, ya yi ajiyar zuciya. "Tun ran zaɓe ba a bar ni na sha ruwa ba. Kowa ya zo taya murna sai ya tambayi inda filotinsa zai faɗo. Mako mai zuwa majalisa za ta zauna, ciyaman ya ce kowane kansila ya kawo buƙatar unguwarsa. Ni kuma, in gaya maka gaskiya, burtalin nan ban taɓa taka shi ba. Daga kan babur nake hango shi."

"Ka raba abin da ba ka taɓa takawa ba?"

"Kai kuma ka tsaya a bayan mutumin da bai taɓa yi maka murmushi ba. Tashi mu je ka nuna mini. Ban yi maka alkawarin komai ba, ka ji? Na daina alkawari. Babakura ma yana da gaskiya, kuma sai na sama masa inda zai kafa ɗaki."

Suka fita ta bayan unguwa, Abbagana cikin babbar rigar da ya ɗinka don rantsuwa, wai so yake shanu su san hukuma ta zo. Bubayero yana gaba yana nuna masa da sanda: nan garke ke matsewa, nan suke jira in wani garken yana shan ruwa, nan kuma tudun ya yi faɗi har ya fi abin da shanu ke buƙata, wataƙila gida goma za su shiga ta gabas in an ja layi da hankali. Abbagana yana haki yana ƙirga taku, yana ɓata lissafi yana sakewa.

"Goma? Ni mutum talatin da biyu na yi wa alkawari."

"Sai ka koyi cewa a'a sau ashirin da biyu."

"Kai za ka raka ni gidajensu. Kai ka iya ɓata wa mutane rai."

Ba su kai mashaya ba Abbagana ya tsaya cak ya saki salati. Ƙarangiya ta lulluɓe gindin rigar tun daga gwiwa har ƙasa, ta kama wando, ta kama har igiyar takalmi. Ya kai hannu zai cire, ta soke shi, ya yi tsalle yana yarfe yatsa.

"Tsaya, kada ka yaga," in ji Bubayero. "Ba haka ake yi ba."

Ya ajiye sanda, ya tsuguna a gabansa, ya lashi yatsunsa biyu ya fara zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Abbagana ya dafa kafaɗarsa don kada ya faɗi, ya tsaya da ƙafa ɗaya, yana kallon wani garke da ya doso su daga arewa.

"Yi sauri," ya ce. "'Yan'uwanka sun taho, kuma ban ga alamar sun san ni kansila ne ba."