Mai Taya Ta Shan Magani

Ta girgiza kwalbar ƙwayoyin maganin kashe zafin ciwo a kusa da kunnenta. Ƙarar ta yi kaɗan. Ba a daɗe da cika ta ba, ita kuwa ba ta taɓa wuce abin da likita ya ƙayyade mata ba.

Tun da santsi ya kwashe ta a bakin famfo, ƙugunta ya daki siminti, duniyarta ta koma tabarma da silin. Keken ɗinkinta yana lungu, an lulluɓe shi da zane. Mai kwance kuwa ba shi da aiki sai lura. Ta san ƙadangaren da ke leƙowa ta taga, ta san takun kowa a gidan. To, wa ke taya ta sha?

Ta fara da ƙanwarta mai jinyarta.

"Ni? Haba Yaya, ko na ciwon kai sai an danne ni."

Ta yi dariya, ƙugun ya amsa, ta cije leɓe.

*

Washegari da safe ta lumshe ido kamar mai barci. Mijinta, magini ne, ya shigo a sanɗe da takalmansa a hannu. Ta ji an murɗe murfi. Ya haɗiye ko ruwa babu.

"Baban yara, kai ma faɗuwar ka yi?"

Ya daskare. Can ya zauna a gefen tabarmar.

"A wurin aiki kowa na sha. In ka sha, bulo ba ya nauyi. Yanzu fa aikin mutum biyu nake yi."

"Da na kwanta ka fara?"

Ya sunkuyar da kai. "Na daɗe. Naki ne dai ya fi ƙarfi."

*

Sauƙi ya zo a hankali: ɗaga gwiwa a kwance, dafa bango, sannan taku. Da likita ya ce ta daina maganin, ta sa ƙanwarta ta zubar da ragowar.

Ranar da ta fara kaiwa ƙofar gida ba sanda, ta tsaya tana murmushi, tana so mijinta ya gani. Yana zaune a dakali, an sallamo shi daga aiki tun rana tsaka, zufa na tsattsafo masa duk da iskar da ke kaɗawa. Tun da aka zubar da maganin jikinsa bai koma daidai ba. Ƙanwar ta miƙa masa kofin ruwa. Ya karɓa da hannu biyu. Kafin ya kai baki, rabin ruwan ya zube a wandonsa.