Birkin da Safiyo Ya Ɗaura

Kwalin sabon birkin ya iso ranar Talata, ranar da likita ta ba Safiyo sakamakon gwajin idonsa. Asibiti ya fara zuwa da safe.

Shekararsa hamsin da bakwai, talatin daga ciki ya yi su yana auna filaye, har sunan aikin ya cinye nasa. Yana da mata, malamar lissafi a sakandare, da 'ya'ya uku da duk sun kama gabansu. Yana kuma da mota mai ƙofa biyu, shuɗiya, wadda ta kwanta ƙasa sosai har matarsa ta laƙaba mata Kwaɗo. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya saye ta. Ranakun aiki yana zuwa ofis da ita, Lahadin farko ta kowane wata kuma ya kai ta filin tsere. Ya canza mata shokozoba, ya canza salansa, ya cire kujerun da ta zo da su ya sa masu rungume mutum. Birki ne ya rage, shi ma wata huɗu yana jiran a kawo shi.

Likitar ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Da'ira biyu ne, kowace tsakiyarta fari, gefenta baƙi. Ta hagu baƙin ya fi yawa.

"Hawan jinin ido ne, Baba," ta ce. "Ya daɗe yana ci ta gefe, shi ya sa ba ka lura ba. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage shi za mu yi ƙoƙarin riƙewa."

"To."

"Kana tuƙi?"

"Ina yi."

"Ka daina. Abin da ke gabanka kana ganinsa tar, amma wanda ke gefenka ba ka gani, kuma ba za ka san ba ka gani ba."

Ya tambaye ta sau nawa zai riƙa ɗiga maganin. Ta ce sau biyu. Ya rubuta a bayan katinsa, ya yi godiya, ya fito. A wurin ajiye motoci ya zauna cikin Kwaɗo, hannu a kan sitiyari, yana jira ya ji wani abu ya taso masa. Bai ji komai ba sai yunwa. Ya tada mota ya biya ofishin masu kawo kaya, ya sa hannu, aka ɗora masa kwalin a kujerar gefe, ya zagaya masa bel.

A gida Malama ta tambaye shi yadda aka yi a asibiti.

"Magani suka ba ni."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta dubi kwalin da ya rungumo. "Kwaɗo ta samu sabon takalmi ke nan. Ni kuwa famfon kicin sati uku yana ɗiga."

Ya ajiye kwalin, ya ɗauko sifana ya gyara famfon. Bai ɗauke shi minti goma ba.

Ranar Asabar Dogo ya zo. Dogo bakanike ne, shi ke taɓa motar tun ranar da aka saye ta, kuma ba ya yarda a kai masa ita gareji, wai can yara za su jingina da ita. A garejin gidan suke aiki, inda Safiyo ya jera kayan aikinsa a jikin allo, kowane da zanen gurbinsa. Suka ɗaga motar da jak, suka tokare ta, suka cire tayoyin gaba. Tsofaffin faya-fayan birkin sun yi shuɗi-shuɗi saboda zafin da suka sha. Dogo ya buɗe kwalin ya zaro sabon faifai, mai faɗi da ƙananan huji, ya ɗaga shi kamar mai ɗaga jariri.

"Kai! Mutumina, wannan ko jirgin ƙasa ka ɗaura wa zai tsaya."

Safiyo ya ce haka ne.

Suka goge tsatsar da ke kan mazaunin faifan, suka sa sabo, suka ɗaura abin da ke damƙe shi, suka canza robobin man birki da masu saƙar ƙarfe. Dogo na ta surutu, labarin wani kwastoma da ya zuba ruwan wanke gilashi a wurin baƙin mai. Ana cikin haka noti ya suɓuce daga hannun Safiyo, ya ji ƙararsa a siminti. Ya duba gabansa, ya duba ƙarƙashin mota, ya durƙusa yana shafa ƙasa.

"Me kake nema?"

"Noti."

"Ga shi nan gefen ƙafarka ta hagu, kamar zai cije ka." Dogo ya yi dariya. "Tsufa ya fara sallama, Safiyo."

Ya juya kansa gaba ɗaya, sai ga notin, bai kai taki ɗaya da takalminsa ba. Ya ɗauka ya ɗaure shi, ya bi da sifana mai awo har ta yi ƙas.

Daga nan sai fitar da iska daga man birki. Safiyo ya shiga ciki, Dogo ya tsuguna a wurin taya da ƙaramar kwalba.

"Taka! Taka! Riƙe!"

Ya riƙe.

"Saki!"

Haka suka yi ta yi, taya bayan taya, har fedar ta yi tauri a ƙarƙashin ƙafarsa. Yana zaune yana kallon bangon garejin ta gilashin gaba, yana taka abin da aka ce ya taka. Ya yi tunanin ya gaya wa Dogo, har ya buɗe baki, sai Dogo ya ce, "Riƙe!" ya riƙe.

Washegari Lahadi ce ta farkon wata. Ya ɗiga maganinsa, ya ɗauki hular kwano, ya fita kamar yadda ya saba. Bai yanke shawarar zuwa ba, bai kuma yanke ta fasawa ba. Filin tsohon wurin saukar jiragen sama ne a bayan gari, an zana masa kwanoni tara, an jera tsofaffin tayoyi a gefe. Motoci kusan ashirin suka zo. Mai duba motoci ya leƙa ta cikin tayarsa ya yi fito, aka manna masa lamba a ƙofa.

Zagaye huɗu na farko a hankali ya yi su, yana taka birki yana saki don sabon faifai ya saba da zafi. A na biyar ya buɗe mata wuta. A ƙarshen doguwar miƙe akwai allon da ya saba fara taka birki a kansa. Ya wuce allon da tsawon mota uku kafin ya taka, motar ta dafe ƙasa, bel ya kama ƙirjinsa, ta rage gudu tun da sauran wuri. Abin da ya shekara yana so ke nan. Ya lura birkin ya yi, kamar yadda yake lura idan awon fili ya fita daidai.

A zagaye na bakwai ya karya sitiyari zai shiga kwanar hagu, sai ga farar mota a hancinsa. Ba daga baya ta zo ba, ba daga gaba ba, kawai ta bayyana. Direban ya fizge ta ya hau ciyawa, ta juya sau ɗaya da rabi, ta tsaya dab da tayoyin gefe. Ba su taɓa juna ba. Aka ɗaga tuta, kowa ya rage gudu.

Safiyo ya ƙarasa zagayen ya shiga wurin tsayawa, ya kashe mota, ya cire hula. Can mai farar motar ya iso, mutum mai kimanin shekara arba'in, yana tafe yana cire safar hannu.

"Baba, kashe ni za ka yi? Tun farkon miƙen nan nake gefenka! Ƙofa da ƙofa! Har hannu na ɗaga maka!"

"Ban gan ka ba."

"Kamar ya ba ka gan ni ba? Mota guda?"

"Ban gan ka ba. Ka yi haƙuri."

Mutumin ya tsaya yana jiran gardama, bai samu ba. Ya yi tsaki ya juya. Mutane biyu uku suka zo suka dafa kafaɗar Safiyo, suka ce abin filin tsere ne, ya sha ruwa. Ya sha. Ya dubi hannunsa ko yana rawa, ba ya yi. Ya ɓare lambar da ke jikin ƙofa, ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya kira matarsa.

"Malama, ki zo ki ɗauke ni."

"Lafiya? Haɗari ka yi?"

"A'a. Ki hau tasi, kar ki zo da motarki."

Ta iso bayan awa ɗaya da jan biro a hannu, da alama daga kan takardun jarrabawa ta taso. Ta zagaya motar, ta zagaya shi, ba ta ga rauni a jikin kowa ba. Ya miƙa mata makulli.

"Ni? Abbansu, ni ban taɓa ko zama a cikin abin nan ba."

"Kulocin yana da nauyi. Ki saki a hankali."

Ta shiga da ƙyar, kujerar ta haɗiye ta. Sau uku motar tana mutuwa kafin su fita daga ƙofar filin. A kan titi ta riƙe sitiyari da hannu biyu, tana tafiya a giya ta biyu, injin yana gurnani, masu manyan motoci suna wuce su suna leƙowa. Da ta taɓa birki a mahaɗar farko sai da kawunansu suka yi gaba.

"Wannan wane irin birki ne!"

"Sabo ne."

Suka wuce gidan mai. Sannan ya gaya mata, yana kallon gaba, da kalmomin likitar, bai ƙara ba bai rage ba. Ta gangara gefen titi ta tsaya, motar ta sake mutuwa.

"Tun Talata?"

"Tun Talata."

"Ka sani, ka ɗauki ƙafa ka zo nan? In da ka kashe ɗan mutane fa? In da yaro ne ya tsallako maka a hanyar ofis?"

"Haka ne."

"Haka ne! Abin da za ka ce ke nan?" Ta fara kuka, tana goge ido da bayan hannun da ke riƙe da biron. Ya zaro hankici ya ba ta. Yana jin kukan ta gefensa, amma sai da ya juya kai ya ga fuskarta.

"Kai ba ka ji komai ba ne?" ta ce.

"Ina ta jira in ji."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta murɗa makulli, ta taka kuloci, suka tafi gida.

Daga ranar bai sake tuƙi ba. Malama ke sauke shi a ofis kafin ta wuce makaranta. Fita auna fili ta koma hannun abokin aikinsa, shi kuma ya zauna kan taswira da takardu, waɗanda yake gani sarai muddin suna gabansa. 'Ya'yan suka yi ta waya, babbar ta zo ta kwana biyu tana kallonsa kamar zai fashe. Dogo da ya ji labari ya zo ya zauna a bakin gareji ya ce, "Ni da na yi maka dariyar noti." Safiyo ya ce ai abin dariya ne.

Wata biyar motar tana gareji. Duk Asabar yakan tada ta ta yi zafi, ya duba mai da ruwa, ya tura ta gaba kaɗan don kar tayoyin su kwanta wuri ɗaya. Wata rana ya ce wa Dogo ya nemo mai saye, amma wanda zai kai ta fili, ba mai ajiye ta a ƙofar gida ba.

Dogo ya kawo wata lauya da ta shekara biyu tana zuwa filin da motar aro. Safiyo ya kai ta gareji ya yi mata bayani awa biyu: wane baƙin mai take sha, bayan zuwa fili sau nawa ake juye shi, giya ta uku da ke ɗan gardama kafin inji ya yi zafi. Ya ba ta tayoyin fili guda huɗu da hular kwano. Ta tambaye shi ko yana so ya ɗan zauna a ciki kafin ta tafi. Ya ce a'a, rana na yi, gara ta kama hanya kafin cunkoso. Ta fita da ribas a hankali, ya rufe ƙofar gareji, ya shiga ya wanke hannu.

Bayan sati biyu, da safiyar Lahadi, yana zaune a falo yana yanke farce, wayarsa ta yi ƙara. Lauyar ce. A bayan muryarta ana jin injuna.

"Baba, ina kwana? Yi haƙuri na dame ka. Bayan motar yana ɗan zamewa a kwana ta shida. Iskar taya nawa kake sa mata?"

"Kin auna da zafinta ko da sanyi?"

"Da zafi. Talatin da takwas."

"Ya yi yawa. Rage na baya zuwa talatin da huɗu, ki yi zagaye uku ki sake aunawa."

"Na gode, Baba."

"Ba komai."

Ya ajiye wayar. Malama ta leƙo daga kicin ta tambayi wane ne, ya gaya mata. Ta ce idan ya gama ya zo ya riƙe mata tsani, ƙwan fitilar baranda ya mutu. Ya ce to, saura yatsa biyu.